Shokozoba Ɗaya Ja, Ɗaya Baƙi

Mbale, lokacin tsinkar kofi.

Zuwa ga Yayana Woniala,

Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, zafin Doha bai gama dafa mana kai ba. Allah ya tsare ka a wurin aikinka, ya haɗa ka da shugabanni masu sauƙin kai, ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka, guminka yana hannunka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi yawa bana a kan dutse, amma ƙasa ba ta zame ba a ɓangarenmu, kofi kuma ya nuna jajir har rassan suna rusunawa. Matarka Nafuna tana nan ƙalau, ta shuka wake a bayan ɗaki, kaji sun taimaka mata da rabinsa. 'Yarka Muyama ta kai matakin da duk abin da ke da rubutu sai ta karanta shi da ƙarfi, har buhun taki bai tsira ba. Ɗanka Masolo ya fara famfara, yana yawo da giɓi a baki yana gaya wa mutane wai faɗa ya yi. Inna ma da sauƙi, sugarta yana zama daidai muddin ba ta tsallake ranar asibiti ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wodulo na gidan malamin coci zai koma can wurinku, shi ne zan ba shi wannan tare da ƙullin malewa, tohon gorar nan da Inna ta ƙyafe maka da hannunta. Za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. Dalilin shi ne a waya ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana ba, ita kuwa takarda ba a katse ta. In ka ga dama ka yi mata tsawa, ba za ta ji ba.

Na saurari saƙon muryar da ka turo a kan babur. Na saurare shi har ƙarshe, wanda ba ƙaramin zumunci ba ne. Ka ce kada a kuskura a kai wa kamfani jajayen shokozoban nan masu tare girgizar babur, a kai su wurin Nabende makanike ya farke su ya sake haɗa su, domin kamfani ba ya kyauta sai da wata a ƙasa, kuma kai da kanka ka ɗauko buhunan kofi a kansu daga gonar Kawu har Budadiri ba su ko yi tari ba. Ka yi ta kiran su ƙarfen zamanin da, kamar Baba ne ya bar mana su gado, alhali ina nan ranar da ka sayo babur ɗin, ledar kujerarsa ma ba ka gama cirewa ba ka tafi. Ban ga laifinka ba. Wanda ke nesa komai na gida yakan yi masa kyau, har ramukan hanya. Amma tunda babur ɗin naka ne, ƙanenmu Gidudu ne ke tuƙa shi, Inna ce kuma ke hawansa duk Alhamis, bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Abin da kamfanin ya sanar ba shi da tsawo. Sun ce a cikin jajayen akwai waɗanda waldar zoben ƙasa, wato inda ake ɗaure shi da noti, ba ta kama da kyau ba, tana iya tsinkewa ana cikin tafiya, kuma ba a iya bambance mai kyau da maras kyau da ido. Kowa ya kawo babur ɗinsa da jajayen biyu, a sa masa baƙaƙe biyu kyauta, a yanka tsofaffin a gabansa. In da wurin mata aka kawo wannan sanarwa, da tuni an gama. Amma an kawo ta tashar 'yan acaɓa, a garin da kowane namiji ya tsaya wa wuƙar kaciya a tsakiyar jama'a bai ƙifta ido ba, kuma ba ya bari a manta. Kafin sati ya zagayo, maganar ta tashi daga kan walda ta koma kan waye namiji.

Zan yi musu adalci, domin suna da tasu gaskiyar. Baƙaƙen suna da laushi. Wanda ya ƙera su, ina jin mutum ɗaya ya gani a ransa, riƙe da jakar ofis, a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Bai taɓa ganin babur ya sauko daga dutsenmu da buhunan kofi da damin ayaba da akuya a ɗaure a sama ba. In aka yi wa baƙaƙen irin wannan lodi sai su durƙusa, taya ta dinga gogar ƙarfen da ke samanta tana kuka. Jajayen kuwa tauri gare su kamar zuciyar mai gidan haya. To a lokacin kofi, wanda ya koma baƙi dole ya yi sawu biyu inda mai ja ya yi ɗaya. Wanda ya ɗauki kaya shi ya san nauyinsa, ban raina wannan ba.

Mutumin da ya fara kai nasa shi ne Wambede, ɗan siririn nan mai yawan shiru da kuka yi makaranta tare. Tun ranar ba a sake kiran sa da sunansa ba, sai Amarya. In ya shigo tasha sai a ce a ba Amarya hanya kada ƙura ta taɓa ta, wani ya tambaye shi ko kamfanin ya haɗa masa da man shafawa, wani ya ce a bincika ko ya ƙifta ido ranar tasa kaciyar. Ƙanenka Gidudu shi ne limamin wannan tsokana, an ce har waƙa ya yi masa. Da labari ya zo cewa wani a wajen Sironko jansa ya tsinke a gangara ya karya ƙashin wuya, sai aka taru aka yanke hukunci cewa lodinsa ne ba daidai ba, wasu suka ce ai dama bai iya tuƙi ba, wani dattijo ya ce matarsa ce ba ta yi masa fatan alheri da safe ba. Ba wanda ya zargi walda. Walda ba ta da laifi a tashar nan, tamkar 'yar shugaba.

Sai kuma ga hikimar da na tabbata babu injiniyan da ya taɓa mafarkinta. Magombe, aminin Gidudu, matarsa ta matsa masa har ya kai nasa aka sa masa baƙaƙe. Ya sha tsokana kwana kaɗan ya ga ba zai iya ba. Sai suka zauna shi da Gidudu suka raba: Gidudu ya ba shi ja ɗaya ya karɓi baƙi ɗaya. Kowannensu ya koma ja a dama, baƙi a hagu. Gidudu ya yi mini bayani da fuskar mai wa'azi, wai ja na ƙarfi ne, baƙi na tsaro, in ja ya tsinke baƙi zai riƙe. Na ce masa taura biyu ba ta taunuwa, kuma ko ni da na karanta aikin gona na san in aka haɗa mai tauri da mai laushi a ƙarƙashin kaya ɗaya, mai taurin ne zai sha nauyin, wato wanda ake tsoron tsinkewarsa shi aka ƙara wa aiki. Ya ce Yaya Nandutu, jami'a ba ta koyar da gangara. Dabarar ta bazu, rabin tasha ya koma ɗaya ja ɗaya baƙi. Mata kuwa, da yake a karkace muke zama ƙafafu a hagu, sai suka fara cewa babur ɗin Gidudu yana sauke mace tun ba ta ce a tsaya ba.

Saboda umarninka na je wurin Nabende, kada ka ce ban yi biyayya ba. Rumfarsa ta cika da jajaye, a rataye kamar naman layya, domin yanzu saye yake yi yana gyarawa yana sayarwa. Ya karɓe ni da fara'a, ya share mini benci da tsumman da ya fi bencin datti. Ya ce zai zubar da tsohon mai ya zuba sabo, ya canja robar da ke riƙe man, ya wanke sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke zagaye da su, ya shafa fenti, su dawo kamar ranar da aka haife su. Na ce duk na ji, amma ba mai ne kamfani ya ce yana da matsala ba, zoben ƙasa ne. Ya ce wannan mai sauƙi ne, zai ɗora wata waldar a kan ta farko. Na tambaye shi ko yana ganin abin da ke cikin ta farkon. Ya yi dariya ya ce Malama, ai ko likita ba ya ganin zuciya, taɓa ƙirji kawai yake yi ya karɓi kuɗinsa. Mutum ne mai daɗin hira. Na fito na fahimci cewa zai iya gyara duk abin da bai lalace ba, ya rufe wanda ya lalace da fenti.

Duk wannan da zai tsaya a abin dariya, sai na ɗauki hutu na hau gida don taya tsinkar kofi. Ranar Alhamis da safe Inna ta yi shirin asibiti, ta ɗaura ɗankwalinta na coci kamar yadda ta saba, wai kada likita ya raina ta. Sai ga Gidudu ya shigo a kan wani babur ba naka ba. Na duba ƙasa, baƙi a dama, baƙi a hagu. Na Amarya ne. Na tambaye shi ina namu, ya ce faci ya yi, yana magana yana kallon bishiyar ayaba. Inna tana gyara zama a baya ta ce ai babur ɗin Woniala duk Alhamis yake faci, Allah ya ba shi lafiya. Ita ba da wata manufa ta faɗa ba, a lokacin.

Da suka tafi na gangara tasha na zauna wurin Mama Kakai mai shayi, wadda babu abin da ke wucewa ta gaban tukunyarta bai bar mata labari ba. Ta ce mini ai babur ɗin Wambede ya fi kowane babur aiki a garin nan, kuma ba shi ke yawan tuƙa shi ba. Duk wanda matarsa ta fara naƙuda, ko ɗansa ya yi zazzaɓi, ko zai kai uwarsa wani wuri, sai ya zagaya bayan rumfa ya same shi a keɓe, ya kira shi da sunansa na gaskiya, har da ɗan'uwa. Wambede ya miƙa makulli. In an dawo a cika masa mai, a koma benci, a ci gaba da kiran sa Amarya. Ta ce shugaban tasha da kansa ya yi haka. Na zauna ina kallon su suna ta kurari a kan jajayensu, na ce a raina ashe duk sun sani. Ba wanda ya yarda da waldar nan, kowa jira yake wani ya fara ƙiftawa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na riga na koma aiki. Da safiyar ranar matar shugaban tasha ta tashi da naƙuda, mijin ya riga kowa zuwa bayan rumfa. Gidudu ya zo ya tarar babu babur ɗin Wambede. Ya hau gida a kan naka, ya ga Inna a shirye da ɗankwalin coci, ya tsaya ya dube ta, ya dubi jan da ke dama, sai ya ce mata hanya ta ɓaci, a bari sai gobe. Ka san asibitin nan, masu suga ranarsu ɗaya ce a sati. Maganinta ya ƙare, ita kuma ba ta gaya wa kowa ba, domin a wurin Inna damun mutane ya fi ciwo muni. Ranar Lahadi a coci jiri ya ɗebe ta, Nafuna ta riƙe ta aka fito da ita. Ni na nemo maganin a nan Mbale na hau da shi. Kada hankalinka ya tashi, ta warware, har ta yi mini faɗa a kan kuɗin mota. Amma ka ga inda muka tsaya: in ta hau naka muna tsoron gangara, in ba ta hau ba muna tsoron suga, lafiyar uwarmu tana rataye a kan ko matar wani ta fara naƙuda.

Ni na gaya mata komai, a gaban Gidudu, muna zaune a tsakar gida ana tsince kofi a kan tabarma. Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da ware ɗanye daga nunanne, ta ce ta gode masa da bai ɗauke ta a kan abin da yake tsoro ba, wannan ya nuna ta haifi ɗa. Gidudu ya fara sakin jiki. Sai ta ɗago ta ce, "To tsofaffin da kake ɗauka ran Litinin da Talata, su ba su haifi kowa ba?"

Gidudu ya zauna yana juya ƙwayar kofi ɗaya a hannu har ta fashe. Can ya ce ko da ya yarda, kamfani jajaye biyu yake so, ɗaya kuma yana jikin babur ɗin Magombe, Magombe kuwa ba zai yarda ya koma Amarya ba. Inna ta ce ya bar mata wannan. Washegari ta aika aka kira mata uwar Magombe, suka sha shayi, ban san abin da suka ce ba. Abin da na sani shi ne ranar kasuwa mata suka fara wata sabuwar ɗabi'a: kafin mace ta hau babur sai ta sunkuya ta leƙa ƙasa, dama da hagu, in ta ga ja ta miƙe ta ce Allah ya ba da sa'a, ta wuce na gaba. Wambede ya yini yana sawu, jarumai suna zaune a benci suna korar ƙuda. Kafin la'asar Magombe da kansa ya kwance jan ya kawo, yana cewa dama shi bai taɓa son launin ba.

Za ka ce to a ajiye su mana a ɗaki, ko ba a sa ba, wata rana sa yi amfani. Ni ma na yi wannan tunanin, har sai da na ji abin da Nabende ya koma yi. Da ya ga mata suna gudun ja, sai ya sayo baƙin fenti. Yanzu mata sun koma kankarewa da makulli kafin su hau, ban san kuma abin da zai ƙirƙiro gobe ba. Wannan ne ya gama mini lissafi, Yaya. Irin wannan abu ba ya zama a ɗaki. Yau kai ne ka ajiye, gobe wani ya zo aro a lokacin kofi, jibi ya bayyana da baƙin fenti a ƙarƙashin uwar wani, ko tamu. Abin da ba a iya ganin ciwonsa ba a iya cewa an warkar da shi.

Don haka na saɓa maka, kuma ina so ka ji daga bakina kafin ka ji a wurin 'yan tasha. Ni da Gidudu muka kawo babur ɗin nan Mbale, a hankali, babu kaya, ni ina biye a mota domin ni ma wata ce ta haife ni. Aka sa baƙaƙe, aka ɗaure su a mataki mafi tauri. Aka ɗora jajayen a kan kututture aka yanka su a gabanmu, tartsatsi yana tashi. Na lura da ƙanenka sosai: bai ƙifta ido ba, in wannan zai sanyaya maka rai. Abin da zai biyo baya ba zan ɓoye maka ba. Zai riƙa yin sawu biyu inda da yake yin ɗaya, abin da yake tura wa Nafuna zai ragu har kofi ya wuce, kuma a tasha yanzu Uwargida suke ce masa, shi da Wambede suna zama a benci ɗaya. Ya ce in gaya maka kada ka kira shi a kan maganar. Ni kuwa ka kira ni, ka yi faɗanka, zan saurara har ƙarshe kamar yadda na saba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka jiƙa malewar sosai kafin ka dafa, kuma ka daina aiko hoto kana ramamme. Nafuna, Muyama da Masolo suna gaishe ka, Masolo ya ce ka sayo masa haƙori. Kawu Masaba da iyalinsa suna gaisuwa, haka ma Gwaggo Namataka, wadda ta ce in tambaye ka ko a can babu coci ne. Ka gaishe mini da Wodulo da sauran 'yan gida da kuke tare, Allah ya haɗa kanku.

Na san za ka so a ajiye maka jajayen, ban so in ƙi ka gaba ɗaya ba. Na roƙi mai yankan ya ba ni sifirin guda, ya ba ni yana kallona kamar mai taɓin hankali. Yana nan a tsaye kusa da murhu, Inna tana zuba muciya da ludayi a cikinsa. Ta ce ba ta taɓa samun abin da ya dace da aikin kamarsa ba. Alhamis ɗin da ta wuce ta je asibiti a kan babur ɗinka, bai yi faci ba.

Taka ƙanwa,
Nandutu